Akwai abin da ya gagari kwamfuta, komai ƙarfinta

Ƙanena, ka tambaya ko akwai lissafin da zai gagari kwamfuta har abada, ko kuwa jira kawai ake a ƙera wadda ta fi ƙarfi. Akwai, kuma ni a bakin aiki na ɗanɗana shi.

Na yi shekaru ina rubuta manhaja a wani ofishin masu hidimar Umara a nan Jidda. Wani azumi, cikin goman ƙarshe, manhajar da ke raba wa baƙi ɗakuna ta maƙale. Ɗan zoben nan yana ta juyawa a allo, mun zuba masa ido har shayin sahur ya huce. Aiki take yi, ko kewaya take a wuri ɗaya? Ba wanda ya sani. Da gari ya waye mudir, wato shugaban ofishin, ya ce in rubuta masa wata manhaja da za ta riƙa duba kowace manhaja, ta faɗa ko za ta gama ko ba za ta gama ba.

Na ce masa wannan ba ta yiwuwa, masanin lissafi Alan Turing ya tabbatar tun 1936. A ce ka samu irin wannan manhajar, mu kira ta alƙaliya. Sai ka rubuta wata manhaja 'yar gardama da za ta tambaye ta: ni zan tsaya? In alƙaliyar ta ce e, 'yar gardamar ta ƙi tsayawa. In ta ce a'a, ta tsaya nan take. Duk hukuncin da alƙaliyar ta yanke ya tashi. Ka ga nan ba maganar sauri ba ce ko kaɗan.

Dubi zaton da masanin lissafi Goldbach ya yi a 1742: duk lambar da ta haura 2 mai rabuwa biyu daidai, jimillar lambobi biyu ce waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu da 1, kamar 10 = 3 + 7. An gwada har an kai miliyan sau miliyan sau miliyan huɗu, bai karye ba, amma har yau ba hujja. Da akwai alƙaliyar nan, sai mu tura manhaja neman inda ya karye, mu tambayi alƙaliyar ko za ta dawo; in ta ce ba za ta dawo ba, zaton ya tabbata ke nan.

Wani masanin lissafin, Kurt Gödel, shi ma a 1931 ya nuna cewa duk tsarin ƙa'idojin da ya ɗauki lissafin lambobi, in bai saɓa wa kansa ba, akwai maganar da ba zai iya tabbatarwa ko rushewa ba.

Kada ka ɗauka an daina bincike. Manhajar tamu ta ɗakuna dai na bi ta layi-layi na gano kuskuren, sannan na sa mata agogo: in ta wuce minti goma, ta tsaya ta kira mutum.