Tambaya da Amsa: In na'ura ce ke tuƙa jirgi, me ke sa ya kauce daga tsayin da aka ba shi?

Wata Hajiya daga Tudun Wada a nan Gombe ta aiko cewa: "Kaftin barka da aiki. Satin da ya wuce na hau jirgi daga Abuja zuwa gida, ɗana yake ce min wai in jirgi ya tashi matuƙa zama kawai suke, na'ura ce ke tuƙi. To kuma ina jin ana cewa jirgi ya sauko ko ya haura tsayin da aka ba shi saboda hankalin matuƙa ya tafi wani wuri. In na'ura ce ke aikin, ina laifinsu?"

Hajiya sannu da hanya, Allah ya huta gajiya. Ɗanki ya faɗi rabin gaskiya. Na'urar da muke kira otofailot ita ke riƙe jirgi mafi yawan tafiya, kuma wallahi ta fi hannun mutum iya riƙe tsayi daidai, amma ba ta da kunne, ba ta jin abin da ma'aikacin NAMA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin Najeriya, ya faɗa a rediyo. Shi zai ce ku hau ƙafa 11,000, mu ne za mu maimaita masa, mu murɗa wani ɗan maɓalli da ke gabanmu har lambar ta fito a ƙaramar taga. In hannuna ya murɗa 10,000 to can za ta kai mu, cikin natsuwa kuwa, ba ƙorafi ba komai. Waɗannan lambobi biyun ma sun yi ƙaurin suna a harkar, sun cika rikita kunne.

Abin da ya sa ba a wasa da maganar shi ne tazarar da ke tsakanin jirage a sama ba ta da yawa. Daga ƙafa 29,000 zuwa 41,000 ƙafa 1,000 kacal ke raba jirgin da ke sama da na ƙasansa, tsarin da Afirka ta shiga tun 2008, kuma jirgin da ke hawa ƙafa 2,000 a minti ɗaya cikin daƙiƙa 30 ya cinye wannan tazarar, kin ga ko shayi ba a gama kurɓa ba. Shi ya sa kaucewar ƙafa 300 ma ana rubuta rahoto a kanta.

Labarin da duk wanda ya koyi tuƙi ya sha ji shi ne na jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401, ranar 29 ga Disamba 1972, daga New York zuwa Miami a Amurka. Sun zo sauka cikin dare, suka sauke tayoyi, sai fitilar da ke nuna tayar gaba ta zauna daidai ta ƙi kamawa. Aka ce su je su yi shawagi a ƙafa 2,000 su duba. Suka kunna otofailot, sannan duk suka taru a kan fitilar nan, wannan na ƙoƙarin ciro ta wancan na ba da shawara, aka tura injiniya ƙasan ɗakin tuƙi ya leƙa tayar. Cikin haka, kamar yadda bincike ya nuna, wani ya ɗan ture sitiyari bai sani ba, na'urar ta saki riƙon tsayi, jirgi ya dinga zamewa ƙasa a hankali a hankali yadda jiki ba ya ji. Ƙararrawar gargaɗi ta buga babu wanda ya ji ta. Waje duhu ne, fadama ce ba gari ba fitila. Mutum 101 suka rasu. Da aka bincika tayar lafiyarta ƙalau, ƙwan fitilar ne ya mutu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin agogon tsayi yana gabansu yana juyawa, amma hankali ke gani ido gululu ne.

Akwai kuma na 2009, matuƙan kamfanin Northwest biyu da suka buɗe laftof suna duba jadawalin aiki har suka wuce garin Minneapolis, inda ya kamata su sauka, da mil 150, su kam Allah ya kiyaye, lasisi ne ya tafi.

Ni kaina ta taɓa kama ni ina mataimaki. Muna saukowa, an ba mu sabon tsayi, daidai lokacin aka canza mana hanyar sauka, sai na duƙufa a kwamfutar jirgi ina shigar da sabuwar hanyar, kaftin ma ya sunkuyo yana taya ni dubawa, kawunanmu biyu duk a ƙasa. Ƙarar gargaɗin tsayi ce ta ɗago mu. Ba mu yi nisa ba amma ranar ban iya cin abinci ba.

Gyaran da aka yi wa harkar mai sauƙi ne a baki, riƙe shi ne aiki. Kullum ɗaya daga cikin matuƙa biyu ke da jirgi, ko otofailot na kunne idonsa na kan agogo, duk wata matsala ɗayan ne zai ji da ita. Wanda ya murɗa tsayi zai bar yatsansa a kan taga har abokinsa ya karanta lambar da baki. In saura ƙafa 1,000 a isa, sai an faɗa da murya. Sannan tun 1981 Amurka ta kafa dokar hana duk wata hira da ba ta aiki ba a ƙasa da ƙafa 10,000, kuma kamfanoni a duniya sun bi. Bayan wannan akwai rada a ƙasa, akwai na'urar TCAS a jirgi da ke umartar matuƙi ya hau ko ya sauka in wani jirgi ya matso.

In kin sake tafiya ki saurara, ana dab da saukowa filin jirgin Lawanti a jirage da yawa za ki ji ɗan ƙararrawa ta buga, alama ce an shigo ƙafa 10,000. Daga nan ma'aikatan jirgi ba sa kiran ɗakin tuƙi sai da dalili mai ƙarfi, har taya ta taɓa ƙasa jirgi ya tsaya.