Ƙanena ya ciri riba a gabana, in zuba kuɗin adashina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya. Wata biyu ke nan ƙanena ya shiga wata manhaja ta waya da ake zuba kuɗi, wai suna juya su a kasuwar kirifto, wato kuɗin intanet, kuɗin mutum ya ninka cikin kwana 30. Ya zuba naira 200,000, kuma a gabana ya ciri 60,000 ta shigo asusunsa na banki. Ya nuna mini takardar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya ce har ofis gare su. Ƙarshen watan nan zan kwashi adashi, naira 500,000, yana ta matsa mini in zuba. Na san ba zai cuce ni ba, amma hankalina bai kwanta ba. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki zuba ko sisi. Na fara da wannan ne don kada amsar ta ɓace a cikin dogon bayani.

Na yarda ƙaninki ba zai cuce ki ba. Shi ma cutarsa ake yi, bai dai ankara ba tukuna. Kuma abin da ya fi ba ki sha'awa, wato 60,000 ɗin da kika ga ta shigo, shi ne ya fi tayar mini da hankali. Mu yi lissafi tare. Ya ba su 200,000, sun mayar masa da 60,000. Nawa ya rage a hannunsu? Naira 140,000, kuɗinsa na gumi. Ashe ba riba ya ci ba, wani yanki na uwar kuɗinsa aka miƙo masa, ya karɓa yana godiya. Lambobin da yake gani a fuskar waya, masu launin kore, suna hawa kullum, rubutu ne kawai wanda mai manhajar ke iya sa wa ya zama ko nawa ya ga dama. Kuɗi ba ya zama naka sai ya shigo hannunka. Ita kuwa 60,000 ɗin ta riga ta yi musu aikin da aka aike ta: ga shi ta kusa jawo musu 500,000 daga wajenki.

Wannan salon damfara ya haura shekara 100. Sunan wani ɗan asalin Italiya mai suna Charles Ponzi ya bi shi. A birnin Boston na Amurka, a 1920, ya yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, yana cewa yana cinikin wasu takardun gidan waya ne tsakanin ƙasashe. Babu wani ciniki na a-zo-a-gani da yake yi. Kuɗin waɗanda suka zo yau yake ɗiba ya biya waɗanda suka zo jiya. Tun daga nan har yau suna kawai ake canzawa, da abin da ake cewa ana sayarwa: yau man fetur, gobe canjin dala, jibi gonar kaji ko kirifto. Cikin tukunyar dai abu ɗaya ne.

Ke da kike adashi za ki fi kowa saurin gane inda gizo ke saƙar. A adashi, mutum goma suna zubin 50,000, duk wata ɗaya ta kwashi 500,000. Abin da ya shiga shi ne ke fita, babu wadda ta ci ribar wata, kuma kowa ya san ranar da za a ƙare. To, a ce uwar adashi ta tashi ta ce daga yau duk wadda ta zuba 50,000 za ta kwashi 100,000. Ina za ta samo ƙarin? Ba ta noma, ba ta saye ba ta sayarwa. Dole ta nemo mutum biyu su biya ɗaya, huɗu su biya biyun nan, takwas su biya huɗu. Ranar da sababbin masu zubi suka ragu, ranar asiri zai tonu, kuma waɗanda suka shigo a ƙarshe, da su ne suka fi yawa, su za su tashi a tutar babu. Shi ya sa ba a maganar ko zai rushe. Rushewa dole ce, ranar ce kawai take hannun masu abin.

Ki kuma auna alƙawarin da kansa. Idan naira 100,000 tana ninkawa duk wata, bayan wata 12 ta zama miliyan 409 da dubu 600. Bayan shekara biyu ta haura tiriliyan ɗaya da rabi. Mutumin da ya san hanyar yin haka, me zai yi da adashin malamar makaranta? Da sai ya ci bashin banki ya yi shiru da bakinsa. Ki tambayi duk wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau irin ribar da yake ɗorawa a kan dila ko katan ko buhu, da yadda wata shekarar ma faɗuwa ake yi. Ko Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da aka fara fitarwa a 2017, kashi 16.47 cikin 100 ya biya, kuma a shekara ne, ba a wata ba.

Mun sha ganin wannan a ƙasar nan. MMM, wanda wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi ya ƙirƙiro, ya yi alƙawarin kashi 30 cikin 100 duk wata. Babban Bankin Najeriya (CBN) da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari sun yi gargaɗi, mutane suka ce hassada ce, gwamnati ba ta son talaka ya samu. A watan Disambar 2016 aka rufe cire kuɗi, aka ce na wata ɗaya ne, daga nan bai sake miƙewa ba. Hukumar NDIC mai inshorar ajiyar bankuna ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 ne suka yi asarar kimanin naira biliyan 18. Na baya-bayan nan, wanda ya fi kama da abin da kika kwatanta, shi ne CBEX. Su ma ninki suka yi alƙawari cikin kwana 30, suka ce na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce ke yi musu cinikin. A watan Afrilun 2025 mutane suka wayi gari ba sa iya cire kuɗi, wasu suka ga asusunsu ya koma sifili. A Ibadan fusatattun jama'a suka fasa ofishinsu suka kwashe kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki. Kin ga ke nan su ma suna da ofis. Haya ce kawai, duk mai kuɗin shekara ɗaya zai iya kama shago ya shafa fenti ya kafa allo.

Sai batun takardar CAC, wadda ake yawan rufe wa mutane baki da ita. Aikin CAC shi ne rajistar suna da kafa kamfani. Mai gidan burodi yana da ita, mai shagon ɗinki ma yana iya yi. Ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'a don ya juya musu ba. Mai karɓar ajiya lasisin CBN yake buƙata, mai tara jarin mutane kuma rajistar SEC. Wasu ma har takardar SCUML, wani sashe da ke ƙarƙashin EFCC, suke ɗagawa su ce ai EFCC ta san da su, alhali ita ma ba lasisin zuba jari ba ce. SEC tana da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet, kuma tana da ofis a Kano. Ki sa ƙaninki ya nemo sunan kamfanin a can da hannunsa, kada ya yarda da hoton takarda da aka turo masa a waya, domin haɗa irin wannan hoto aikin minti biyar ne.

Ban ga manhajar ba, amma ki tambaye shi waɗannan abubuwa ki ji. Akwai zauren WhatsApp ko Telegram da wani da ake kira malami ko shugaba ke turo wasu lambobi a wani lokaci na rana, a ce kowa ya kwafa ya liƙa, nan take riba ta hau? Zauren cike yake da hotunan alat, da masu rubuta "Alhamdulillah, na ga nawa"? In wani ya tambayi ainihin abin da ake saye da sayarwa, ana ba shi amsa ko cire shi ake yi a ce yana kashe wa mutane gwiwa? Ana ba shi la'ada in ya kawo wani? Wannan ta ƙarshe ita ce babba. Kamfanin da ke samun ribarsa a kasuwa ba ya matsuwa da sai ka kawo yayarka. Wanda ke rayuwa da sabon zubi shi ne ke biyan ka ka jawo dangi. Ki yi masa tambayar a hankali, domin mai yiwuwa akwai kason da aka ce zai samu idan kika shiga, kuma yana iya jin nauyin faɗa miki.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne yadda suke shigo mana ta ƙofar addini. Sun san mutanenmu suna gudun kuɗin ruwa, sai su ce ai wannan halal ne, kasuwanci ne, raba riba ake yi. To, a ƙiradi, wanda ake kira mudaraba, mai kuɗi da mai juyawa suna yarjejeniya ne a kan kason abin da aka samu, rabi ko sulusi, in an samu. In aka faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, asarar dukiya tana kan mai ita, shi kuma mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Babu inda ake lamunce wa mutum cewa uwar kuɗinsa ba za ta taɓu ba, kuma ga riba kaza tabbas ranar kaza. Duk wanda ya ce miki babu faɗuwa, ya fita daga ƙiradi tun a jimlar farko. Sannan ko da mutum ya shiga da wuri ya fita da riba, ya kamata ya san kuɗin wa ya ci. Na wata bazawara ce da ta sayar da akuyoyinta, ko na wani ɗan fansho da ya zuba garatutinsa. Masu cewa "na san damfara ce, zan dai shiga in fita kafin ta fashe" su tsaya su dubi wannan da kyau.

Yanzu ga abin da za ki yi da ƙaninki. Kada ki ce masa wawa ne ko makwaɗaici, zai ƙara ƙanƙame abin ne don kare mutuncinsa. Da albashi ba ya kai rabin wata, ga tsadar abinci, ba abin mamaki ba ne mai hankali ya faɗa. Likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki sun faɗa irin wannan rami. Ki ce masa sharaɗinki ɗaya ne: ya cire duk abin da ke ciki, uwa da riba, ya shigo asusunsa na banki, a yau. In sun biya, ya tsira da nasa, kada ya mayar, kuma wannan bai wanke su ba, alama ce kawai cewa har yanzu zubi na shigowa. Amma abin da na fi zato shi ne zai ji ɗaya daga cikin waɗannan: kuɗin a kulle suke sai kwana kaza, ko za a yanke kaso mai yawa in ya cire da wuri, ko ana gyaran manhaja, ko sai ya kawo mutum uku.

In kuma aka ce sai ya biya wani kuɗi kafin a sakar masa nasa, da sunan haraji ko tantancewa ko buɗe asusu, kada ya biya. Bayan CBEX ta rushe, an ce wa mutane su sake zuba dala 100 ko 200 don a tantance su a dawo musu da kuɗinsu, kuma akwai waɗanda suka biya saboda zafin asara. Haka nan wasu za su ɓullo daga baya su ce su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗin da aka sace, ko su ce daga EFCC suke, a ba su na mai. EFCC ba ta karɓar kuɗi don ta karɓi ƙorafi. In ya ba manhajar lambar BVN ko hoton katinsa na banki, ya je reshe da ƙafarsa a toshe katin a canza lambar sirri.

Ya adana komai tun yanzu, kafin a goge zauren: rasit na tura kuɗi, lambobin asusun da ya tura wa, lambobin wayar shugabannin, hoton fuskar manhajar. Da su zai rubuta ƙorafi ga EFCC, wadda ke da ofis a Kaduna da Kano, da kuma SEC. Ya sanar da bankinsa da wuri, domin wani lokaci akan yi sa'ar tare kuɗi kafin a kwashe su daga asusun da suka faɗa. Gaskiyar magana, abin da ake iya dawowa da shi a irin wannan yakan zama kaɗan, musamman in an mayar da shi kirifto an fitar da shi ƙasar waje. Amma ƙorafi da wuri yana rage yawan waɗanda za su faɗa a baya.

Ya kuma sani cewa doka ta canza. Dokar zuba jari da hannayen jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da shi da masu tallata shi. Saboda haka ya daina tura wa mutane mahaɗin shiga daga yau. In akwai waɗanda ya riga ya kawo, ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu su gwada cire nasu, domin ranar da abin ya rufe ba ofishin kamfani za su nufa ba, ƙofar gidanku za su zo.

Kuɗin adashinki kuwa, in ba ki da abin yi da su nan kusa, ki ajiye su a banki mai lasisi, inda inshorar NDIC ke kare ajiyar mutum har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci. In kina gudun ruwa, ga bankunan Jaiz da TAJ da Lotus da ba sa mu'amala da ruwa, kuma kina iya tambayarsu yadda ake sayen Sukuk idan gwamnati ta fitar da sabo.