Ƙidaya Gaɓar da Ba Ta Dawowa

Ɗana, na ga littafin da ka ajiye mini a kan tebur, na kuma karanta tambayar da ka rubuta a shafinsa na ƙarshe. Ka ce wata guda ke nan kana bin kyamarorin da masu sha'awar roka suka kafa a gefen filin gwajin kamfanin roka na SpaceX da ke McGregor a jihar Teksas, duk lokacin da wuta ta tashi sai ka ja layi ɗaya, yanzu kuma kana so ka san yadda za ka mayar da waɗannan layuka su zama adadin rokokin da za a harba a watanni masu zuwa. Tunaninka yana kan hanya, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan sana'a turken gwaji, wato inda ake ɗaure inji ko gaɓar roka a kunna, shi ne Larabar. Sai dai ka zuba kowace irin wuta a ƙwarya ɗaya, daga nan ne lissafin ya karkace.

Fara da sanin jikin rokar. Falcon 9 gaɓa biyu ce kamar rake. Gaɓar ƙasa tana ɗauke da injunan Merlin guda 9, tana cin kananzir da ruwan iskar oksijin na kimanin minti biyu da rabi, sannan ta rabu. Gaɓar sama injinta ɗaya ne, shi yake ƙarasa tura kayan har su zauna a falaki. Ana ƙera su a Hawthorne ta Kalifoniya, a ɗora su a manyan motoci zuwa McGregor, a ɗaure a kunna, sannan a wuce da su filayen harbi na Fulorida ko na Vandenberg a Kalifoniya. A da, duk wanda ya ga an gwada sabuwar gaɓar ƙasa ya san harbi ɗaya na tafe. Amma tun da aka fara saukar da ita lafiya a Disambar 2015, aka kuma sake harba wadda ta taɓa tashi a Maris na 2017, wannan ma'auni ya mutu. Yau akwai gaɓar ƙasa da ta tashi fiye da sau 20, kuma ba ta komawa Teksas a tsakanin kowace tafiya.

Gaɓar sama kuwa ba ta dawowa, kuma a kanta nake so ka kafa ido. A 2024 kamfanin ya harba rokokin Falcon sau 134, wato harbi ɗaya cikin ƙasa da kwana uku. Da a ce kowace tafiya da sababbin injunan ƙasa aka yi ta, da an buƙaci sama da 1,200, alhali ba a ƙera ko kusa da haka ba. Amma gaɓar sama dole aka ƙera 134, babu ragi ko ɗaya, kowace da injinta. Saboda haka idan ka ga ana gwada gaɓar sama duk bayan kwana uku, ka san masana'antar tana iya ciyar da harbi duk bayan kwana uku. Idan tazarar ta miƙe ta koma kwana biyar, to bayan wasu makonni za ka ga filayen harbi sun fara jira. Ka lura cewa injin gaɓar sama a turke ba ya sanye da dogon bututun nan mai faɗi da kake gani yana ja wur a hotunan sararin samaniya, domin an yi shi ne don inda babu iska, a ƙasa kuwa nauyin iska zai hana harshen wutar bin bangonsa har ya lalata shi. Kada rashinsa ya ruɗe ka.

Sai kuma bambancin da ka tsallake gaba ɗaya, wato tsakanin gwajin karɓa da gwajin bincike. Gwajin karɓa shi ne na injin da aka gama, za a tabbatar da lafiyarsa ya wuce. Gwajin bincike kuwa na injin da ake koyon halinsa ne, ana iya kunna shi sau goma ko a matsa masa har ya fashe da gangan. Da yawa daga cikin layukanka na injin Raptor ne, wanda na babbar rokar Starship ne, ba shi da wata alaƙa da jadawalin Falcon. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami ina matashi. A wani wurin da na yi aiki, mako guda muna kunna inji kullum. Bututu ya yi fari fat da ƙanƙara, farin tururi ya kwanta a ƙasa, ƙarar tana girgiza maka haƙarƙari duk da kaurin bangon ɗakin sarrafawa, ni kuwa ina murna aiki ya kankama. Ashe inji ɗaya ne muke ta maimaitawa saboda wani bawul da yake jinkirin buɗewa, sauran kuma suna jere a rumfa suna jiran turken. A makon nan da muka fi kowane mako ƙara, ko inji ɗaya bai fita daga hannunmu ba.

Wannan lissafi yana aiki ne kawai a inda ake ƙera abu ɗaya ana maimaitawa. Babbar gaɓar rokar SLS ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, an kunna ta a filin gwaji na Stennis da ke Misisifi a Janairun 2021, ta mutu bayan minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, aka sake a watan Maris ta yi minti takwas cur, amma ba ta tashi ba sai Nuwamban 2022. Wanda ya ɗauki gwajin nan a matsayin alamar kusantar harbi ya yi kuskuren wata ashirin.

Ko a inda yake aiki, abin da yake nuna maka shi ne iyakar abin da za a iya, ba abin da tabbas za a yi ba. A 2018 SpaceX ta harba sau 21, a 2019 ta sauko 13, ba don turke ya gaza ba, sai don kayan da za a ɗauka sun yi ƙaranci. A Yulin 2024 ruwan oksijin ya yoyo daga gaɓar sama tana cikin tafiya, aka dakatar da harbi na kimanin mako biyu, ko da kuwa akwai gwadaddun gaɓoɓi a ajiye. Yanayin sama, da gyaran filin harbi, da lokacin da jirgin ruwan da gaɓar ƙasa ke sauka a kansa yake ɗauka kafin ya je ya dawo, duk suna da nasu rabon.

Don haka ka sake zana littafinka. Kowace wuta ka rubuta turken da ta tashi a kai, da tsawon daƙiƙun da ta yi, da abin da aka ɗaure a wurin, sannan ka duba washegari ko an sauke shi an ɗora wani. Ka ware gaɓar sama a shafinta ita kaɗai, kada kuma ka yanke hukunci da mako ɗaya ko biyu. Idan ka tara na wata uku, ka kawo mini mu jera shi kusa da ranakun harbin da suka biyo baya, mu ga makonni nawa ne ke tsakanin turke da filin harbi.