Akwatin Makaɗa: Sabon Rok, Ranar Fitarwa da Ƙugin Amfilifaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son kiɗan rok irin na ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni, amma gidajen rediyon Legas ba kasafai suke sa shi ba. Sai faifai ya tsufa nake jin labarinsa. Ta ina zan riƙa sani da wuri? (Mai karatu daga Agege)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ranar da za ka riƙe ita ce Juma'a. Tun 10 ga Yulin 2015 kamfanonin faifai na duniya suka daidaita a kan fitar da sabbin waƙoƙi a wannan rana. Kafin nan Amurka Talata take fitarwa, Ingila kuma Litinin. Spotify, dandalin sauraron kiɗa a intanet wanda ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, yana sabunta Release Radar, jerin sabbin waƙoƙin da yake haɗa wa kowane mai sauraro, duk Juma'a, kuma hanya mafi tabbas da mawaƙi zai shigo naka jerin ita ce ka danna alamar bin sa.

Amma mu a ganinmu bin kamfani ya fi bin mawaƙi riba. Ƙananan kamfanonin nan kowanne da kunnensa, in ka so ɗaya daga mawaƙansa da wuya ka ƙi sauran. Akwai Matador a New York, Sub Pop a Seattle, 4AD da Rough Trade da Domino a Landan. In ka bi shafin kamfani a Bandcamp, dandalin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu, saƙo zai iso maka duk sa'ad da suka saki sabon abu. Gidan rediyon KEXP na Seattle kuma yana ɗora wasannin da ƙungiyoyi suka yi a ɗakinsa a YouTube, nan ne za ka gane wanda ya iya kiɗa da wanda kwamfuta ta rufa wa asiri.

Kada kuma ka tsallake maƙwabta. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa gita da hannun hagu, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin muryar kwamfutar nan ta waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙinsa sun yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Portland. Yau Matador ke fitar da shi: Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024. Tal National ta Yamai ma tana nan, kuma Hausa na cikin harsunan da take waƙa da su. Legas ɗin kanta ba baƙuwa ba ce a harkar: 'yan Ofege ɗalibai ne a kwalejin St. Gregory ta Obalende lokacin da faifansu na farko ya fito a 1973.

Tambaya: Mu huɗu ne, biyu masu gita, mai gitar bas da mai ganga, kuma da Hausa muke waƙa. Mun gama naɗar waƙa ɗaya. Abokaina sun ce mu ɗora ta daren Alhamis ta fito Juma'a. Yaya ake yi ba tare da kamfani ba? (Mai karatu daga Idi-Araba)

Amsa: Ɗan'uwa, ka ce wa abokanka su dakata. Waƙar da aka ɗora daren Alhamis ta riga ta rasa mafi yawan damarta. Ku ba kanku mako huɗu.

Kafin komai, ku zauna ku huɗu ku rubuta rabon haƙƙi a takarda, kowa ya sa hannu, har da mai sutudiyo in yana da kaso. Haƙƙi biyu ne a kowace waƙa: na wanda ya tsara baituka da kari, da na naɗin sautin kansa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta san da dukansu. Wannan zama ya fi sauƙi tun babu ko kwabo a tsakani.

Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi, sai ta dillali, wato kamfanin da ke raba waƙoƙi ga irin waɗannan dandali, kamar DistroKid ko CD Baby. DistroKid kuɗin shekara yake karɓa, kuma in kuka daina biya ana iya sauke waƙoƙinku, sai in kun biya ƙarin kuɗin barin su. CD Baby sau ɗaya ake biyansa a kan kowace fitarwa, sannan ya riƙa cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya shigo. Ƙungiyar da waƙa ɗaya ko biyu take fitarwa a shekara, tsarin biya sau ɗaya ya fi mata kwanciyar hankali. Kowanne kuka zaɓa, ku tabbatar da abu biyu kafin ku buɗe asusu: katinku zai iya biyan dala, kuma hanyar da suke turo kuɗi tana isowa bankin Najeriya.

Fayil ɗin sautin ya zama WAV, aƙalla bit 16 da 44.1 kHz. Kada ku juya MP3 zuwa WAV ku ce kun cika sharaɗi, abin da aka yanke daga sautin ba ya dawowa. Haka fayil ɗin da aka turo ta WhatsApp a matsayin sauti, ya riga ya matse. Ku karɓa a filasha. Ku gaya wa mai haɗa sautin ya bar ƙololuwar ƙarar a ƙasa da -1 dB. Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti ne), don haka wanda ya danne waƙa don ta fi ta kowa ƙara, za a rage masa ita, a bar shi da ganga marar nauyi da gita mai gajiyar da kunne. Rok ya fi kowane kiɗa cutuwa da wannan, don daɗinsa yana cikin tazarar da ke tsakanin wurin sanyi da wurin zafi.

Hoton bango ya zama mai kusurwa huɗu daidai, piksel 3000 da 3000, ba lambar waya, ba adireshin intanet, ba tambarin Instagram. Waɗannan ne suka fi sa dillali ya dawo da aiki, kuma kowace dawowa kwanaki take ci.

Sai suna. Ku bincika sunan ƙungiyarku a Spotify da Apple Music da Boomplay da Audiomack. In akwai mai irinsa, waƙarku na iya faɗawa shafin wani, gyaran kuma yana jan lokaci. A wurin harshe ku zaɓi Hausa. Taken waƙa ku rubuta shi daidai da ƙugiyarsa, amma sunan ƙungiya gara ya zama marar ɗ ko ƙ ko ɓ, don mafi yawan masu nema ba su da waɗannan baƙaƙe a allon wayarsu. Dillali zai ba ku lambar ISRC mai alamomi 12, wato lambar shaidar naɗin waƙarku. Ku adana ta. Ranar da kuka sauya dillali, ita za ta sa adadin sauraron da kuka tara ya biyo ku.

Dalilin mako huɗun shi ne wannan: da zarar waƙar ta isa Spotify, za ku shiga Spotify for Artists, shafin da Spotify ya ware wa mawaƙa, ku gabatar da ita ga masu tsara jerin waƙoƙi. Dole a yi haka aƙalla kwana 7 kafin ranar fitarwa, kuma waƙa ɗaya ake gabatarwa. Ko ba su ɗauka ba, za ta shiga Release Radar na masu bin ku. Bayan ta fito, ƙofar ta rufe. Da yake wannan ce fitarwarku ta farko, samun izinin shiga shafin ma zai ci 'yan kwanaki.

Batun kuɗi kuwa, kada ku sa rai da yawa. Tun Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan komai a kan naɗinta. Masu zuwa su ce za su sayar muku da sauraro, ku rabu da su; in aka gano, waƙar ce za a sauke. Bandcamp ya fi dacewa da ƙaramar ƙungiya, don mai so yana saye kai tsaye, su cire kashi 15. A ranakun da suke kira Bandcamp Friday, waɗanda suka faro a Maris 2020, ba sa cire nasu kason. Da agogon California suke lissafi, wato daga ƙarfe 8 ko 9 na safiyar Juma'a a Legas.

Tambaya: Amfilifayata tana ƙugi, musamman in muna kan janareto. Wani ya ce in cire dogon ƙarfen nan na uku a filogi. (Mai karatu daga Mile 12)

Amsa: Kada ka kuskura, Malam. Wannan ƙarfen ne ke kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace a ciki. Babu shi, jikinka ne hanyar, tunda tsirkiyoyin gita a haɗe suke da jikin amfilifaya. Duk ranar da makirufo ya ɗan ja ka a leɓe kana riƙe da gita, a kashe komai a kira mai aikin wuta.

Ka gano tushen ƙugin tukuna. Zare wayar gita daga amfilifaya. In ƙugin yana nan, daga wuta ne ko daga cikin na'urar. In ya tafi, mayar da wayar ka rage ƙarar gitar zuwa sifili. In shiru ya samu, maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya ne ke kwaso ƙugin wutar 50 Hz, halin maganaɗisu masu naɗin waya ɗaya ke nan, irin na gitar Stratocaster. Matsa nesa da janareto da cajar kwamfuta da fanka, ka juya jikinka a hankali har ka sami inda ya ragu, ko ka sa maɓallin zaɓen maganaɗisu da ke jikin gitar a matsayi na 2 ko na 4, inda yawancin gitocin yanzu ke kashe ƙugin da kansu. In ka taɓa tsirkiya ƙugin ya ragu, lafiya lau ne. In bai canza ba, mai yiwuwa siririyar wayar da ke haɗa gadar gitar (inda tsirkiyoyi ke zaune) da ƙasa ce ta tsinke, aikin dalma ne na minti kaɗan.

Fedal, 'yan na'urorin nan da ake takawa da ƙafa don canza sautin gita, su ma suna da nasu ƙugin. Mafi yawansu bolt 9 suke ci, tsakiyar filoginsu kuma nagetif ne, saɓanin adaftocin gama-gari da za ka samu a Alaba ko Computer Village, don haka karanta zanen da ke jiki kafin ka soka. Fedal na dijital in ya raba waya ɗaya da sauran yakan kawo wani siririn kuka. Ba shi nasa adafta. In kuma amfilifayar daga Amurka ta zo, duba bayanta: mai bolt 120 ba ta shan 230 ɗinmu. Tana buƙatar taransifoma mai rage wuta, wanda ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta tana ci, ba ƙarfin lasifikarta ba.

Tambaya: Tsirkiyoyina suna tsatsa da wuri, kuma zan tafi Kano da gitar a watan Disamba. (Mai karatu daga Obalende)

Amsa: Gita ta fi son danshi tsakanin kashi 45 da 55, Legas kuwa da damina takan haura 80. Goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle bayan kiɗa, ki sayi masu rufin roba, ki ajiye gitar cikin akwatinta da 'yan ƙunshin silika. Amma kafin tafiya Kano, 'yar'uwa, ki cire silikar. Hunturu zai busar da katakon, wuyan ya motsa, bakin ƙarafan ya fara kartar hannu, gita mai rami kuma fuskarta na iya tsagewa. Sa ɗan soso mai laima cikin robar sabulu mai huji a akwatin, kada ya taɓa katako. Ki bar ta ta kwana biyu a can kafin a taɓa sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta, kuma kada a murɗa fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda.