Zuwa Kiruna ni kaɗai a watan Maris

Tambaya: Malam, ina karatu a Sitokhom, babban birnin Suwidin. Ina so in tuƙa mota ni kaɗai zuwa Kiruna, wani gari a can arewacin ƙasar, a farkon Maris. Zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu, ɗana, amma tafiyar ta haura kilomita 1,200, ta titin E4 sannan E10. Kada ka yi ta a yini ɗaya, ka kwana a garin Umeå da ke kan hanya. Dokar Suwidin ta wajabta tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin titi na da ƙanƙara. Abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙarar da rana ta narkar, dare ya sake daskarar da ita. Ba ka ganinta sai mota ta zame. Ka riƙe bargo, shebur da shayi a filas, kuma ka riƙa sanar da wani inda ka kai.