Me Ya Sa Wasu Ƙasashe Ke Juya Agogo Sau Biyu a Shekara?

Tambaya: Ina bin wani darasi ta intanet daga Landan. A ƙarshen Maris na shiga a lokacin da na saba, sai na tarar an yi awa ɗaya da farawa. Me ya faru?

Amsa: Malam, agogon Landan ne ya matsa, naka bai motsa ba. A ƙasashen da ke nesa da ikwaita (layin da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa), yini kan yi tsawo sosai a lokacin zafi, gari ya waye mutane na barci. Sai a tura agogo gaba da awa ɗaya don hasken ya koma yamma. Jamus ce ƙasar da ta fara yin haka gaba ɗayanta, a 1916, don tsimin kwal lokacin yaƙi. Yau dai wutar lantarkin da juya agogon ke ragewa ba ta taka kara ta karya ba.

Birtaniya da Tarayyar Turai suna turawa ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Amurka kuwa Lahadi ta biyu a Maris, ƙarfe 2 na dare ya zama 3, sai Lahadin farko ta Nuwamba a koma. Hawai da yawancin Arizona ba ruwansu.

Nan ake yin tuntuɓe: tsakanin juyin Amurka da na Turai, tazarar Landan da New York awa 4 ce, ba 5 ba. Wayarka za ta daidaita komai idan ka sa darasin a kalanda da lokacin Landan. Agogon bango kam, a can, sai an juya shi da hannu.