Sabuwar malama ta iya rawa, amma ajin na rikicewa a bayanta

Tambaya: Malama, na daɗe ina koyar da Nia, motsa jikin nan da ake yi da kiɗa ba takalmi. Yanzu an haɗa ni da wata da ta gama horon farko, aka ce in riƙe hannunta. Ta fi ni iya rawa nesa ba kusa ba, amma da ta tsaya gaban aji sai ɗalibai su rikice, wasu su tsaya cak suna kallonta. Yaya zan gyara mata ba tare da na kashe mata gwiwa ba?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ba baƙon abu ba ne. Gwanar rawa ce ma ta fi shan wahala a farkon koyarwa, domin jikinta yana riga bakinta. Kafin ta tuna akwai mutane a bayanta da ba su san za a juya ba, ƙafarta ta riga ta juya. Aikinki shi ne ki ɗauke idonta daga madubi ki mayar da shi kan ɗalibai.

Ki tuna mata dalilin kafa Nia. Debbie Rosas da Carlos Rosas sun fara ta a Kalifoniya a 1983, lokacin da motsa jiki mai tsalle-tsalle ke barin mutane da ciwon gwiwa da na ƙafa. Suka cire takalmi, suka rage tsalle, suka haɗa rawa da dabarun kare kai irin su taici da tekwando da aikido, da kuma yoga. Manufar ita ce ɗaliba ta saurari jikinta. Wadda ke fama da kamo ƙafar malama kuwa, ina za ta samu sararin jin nata jikin? Horon farar ɗamara, wato horon farko na malaman Nia, ya ba wa abokiyarki motsi 52 da ƙa'idoji 13, amma karanta aji sai a cikin aji ake koyonsa.

Ki shiga darasinta ki tsaya a layin baya, kada ki kalle ta, ƙafafun ɗalibai za ki kalla. Duk inda kika ga sun harɗe, ki lura da abin da ta faɗa kafin nan. Galibi za ki tarar umarnin ya zo a makare. Ana ƙidaya bugun kiɗan ne takwas-takwas, kuma idan sabon motsi zai fara a kan ɗaya, dole maganar ta fito tun a biyar ko shida na ƙidayar da ta gabata. Sabuwar malama takan ce "dama" daidai lokacin da ita ke takawa dama. Ɗaliba sai ta ji, ta fahimta, ta sauya nauyin jikinta daga wannan ƙafa zuwa waccan, kafin nan kiɗa ya wuce.

Ga gwajin da na fi so, ko da yake gwanaye ba sa ƙaunarsa. Ki zaunar da ita a kujera, ki kunna waƙa guda, ke ki zama ɗalibar, ta juya ki da baki kawai. Duk abin da ba ta faɗa ba, kada ki yi, ko da kin san shi. Nan take za ta ga ramukan da jikinta ke rufe mata. Wata rana kuma ki juya abin: ba magana, sai hannu da ido da kai.

Kada ki sakar mata awa guda tun farko. Ki ba ta waƙa ɗaya a tsakiyar darasinki, bayan jiki ya ɗumama, sannan biyu, sannan kwantar da jiki na ƙarshe. Ki kuma roƙe ta ta riƙa nuna mataki na ɗaya, wato mafi sauƙi, cikin matakan ƙarfi uku na Nia. Idan malama tana sauka har ƙasa kullum, mai ciwon gwiwa za ta bi ta saboda kunya.

Batun gyara kuwa, ba a gaban ɗalibai ba, kuma ba tana haki ba. Ki fara tambayarta inda ta ji ajin ya kuɓuce mata. Sau da yawa ta sani. Sai ki ɗauki abu ɗaya tak, ki faɗe shi yadda za ta iya aiki da shi: "A waƙa ta uku kin ce a juya bayan kin juya." Wannan ya fi "ki ƙara lura da mutane" amfani. Sauran ki ajiye sai mako mai zuwa. Ki kuma bambanta kuskure da salo. Idan ba ta barkwanci irin naki, ko ta fi ki yawan shiru, ba matsala ba ce, wasu ɗaliban ma shirun suke nema.

Wuri ɗaya ne ba a jira sai an tashi: idan ɗaliba ta dafe ƙirji, ko jiri ya ɗebe ta, ko numfashinta ya sarƙe. Nan ki shiga kai tsaye, a dakatar da ɗalibar, a nemi taimakon likita idan abin bai lafa ba. Ki gaya wa abokiyarki tun kafin darasin farko cewa za ki yi haka, don kada ta ɗauka kin ƙwace mata aji.